Wankan Ragon Okaci

An haifi Okaci a ƙauyen Tumarsola, cikin ƙasar Mari, can inda kogi ke daskarewa da hunturu, a shekarar da shugaban gonar gwamnati ya gano cewa alloli ba sa bukatar fili mai yawa. Ya aiko da zarto da tarakta, aka kwantar da rabin kurmin addu'a ta ɓangaren kudu, aka shuka dankali a wurin. Dankalin bai yi ba, don haka aka ƙara wa shugaban girma aka mayar da shi birni. Mutanen gari suka jawo shingen kurmin baya zuwa inda zarto ya tsaya, suka ci gaba da addu'a a abin da ya rage, da murya ƙasa-ƙasa.

Dokar kurmin ba ta da wuyar riƙewa. A cikin shinge ba a sara, ba a karya reshe, ba a tsinkar ganye, ba a tofar da yawu, ba a zagi. Itacen da ya faɗi yana nan kwance har ya ruɓe. Abin da ke ciki na Kugu Yumo ne, Babban Ubangiji. Abin da ke waje na wanda ya riga isowa da gatari ne.

Okaci ta girma tana tatsar shanun gwamnati. Ta auri Sabai mai kiwon zuma, mutum mai sauƙin kai idan bai sha ba, sai dai ba a cika samunsa a wannan halin ba. Ya rasu ranar da ya gwada ƙarfin ƙanƙarar kogi da tarakta a watan da ba a gwadawa. Ya bar mata amya, da 'ya guda wadda ta tafi birni tana bugo waya duk sabuwar shekara, da kuma ɗan ƙanensa maraya, Ilush, wanda ta raina a kan fate da madara har ya yi gemu. Daga uwar mijinta kuma ta gaji tsintsiya: ita ce mai share wuraren hura wuta a kurmi kafin ranar addu'a, ita ce mai kwashe kwalabe da ledojin da matasa ke jefawa ta kan shinge. Ba a biyan kowa a kan wannan aiki, shi ya sa ba wanda ya taɓa yi mata gasa.

Da gonar gwamnati ta rushe, tsohon filin dankalin ya koma ciyawa. Nan ne Okaci ta fara abin da garin ya kira haukarta. Manyan itatuwan kurmin lifa ne, itacen da zuma ke mutuwar so, kuma irinsa yana da ɗan fiffike, iska tana ɗaukarsa. Daga cikin shinge ba a ɗaukar ko tsinke, saboda haka Okaci takan zagaya ta waje a durƙushe, tana tsintar irin da ya tsallako da kansa. Wata rana a lokacin kaka ta tarar da ƙwaya ɗaya a kwance a kan sandar shingen daidai, ba ciki ba waje. Ta zauna a gefe da saƙarta, tana jiran iska ta yanke hukunci. Da yamma irin ya faɗo waje, ta ɗauka.

Irin lifa sai ya kwana hunturu biyu a ƙasa kafin ya tuna da abin da ya kawo shi. Ta jira. Ta naɗe ƙananan da ƙaya saboda zomaye, ta ɗebo musu ruwa a kafaɗa, ta kori awakin maƙwabta har ta ɓata da rabin unguwa. Bayan shekara talatin filin dankali ya zama inuwa. Baƙon da ya tsaya daga nesa ba zai gane inda kurmi ya ƙare ba. Shinge kaɗai ne bai sami labari ba, yana nan inda zarto ya bar shi.

A cikin waɗannan shekaru Ilush ya buɗe wurin tsaga katako, ya yi ƙiba, sannan ya kama addini. Ya kama shi ne a lokacin da mutanen birni suka fara zuwa kallon addu'ar kakanni da motocinsu. Farar rigarsa mai aikin ja ta fi ta kowa fari. An taɓa nuna shi a talabijin yana cewa daji uwa ce, kuma gaskiya ne ba wanda ya kai shi ziyartar uwar nan, kullum da manyan motoci.

Wata kaka aka taru a tsakar gidan Aktubai, kart ɗin garin, wato mai jagorantar addu'a da yanka. Tsohon direban motar madara ne, idonsa ɗaya ya yi hazo. Ilush ya miƙe ya cire hula.

"Goggo, ba wanda ya ce ba ki yi aiki ba. Amma baƙi suna zuwa, tsofaffi, masu ciwon gwiwa. Bara mota ta kafe a taɓo, wani farfesa ya shiga kurmi da takalmi ɗaya. Hanya kawai nake so in yi wa Yumo, da ɗan wurin ajiye mota, da benci. Daga aljihuna."

"Ta ina?" in ji Okaci.

"Ta kudu."

"Kudu itatuwa ne."

"Kudu gonar dankali ce, Goggo. Tambayi kowa."

"Dankali mai tsawon bene!" in ji Yambika, maƙwabciyar Okaci, wadda ba a taɓa yin taro bakinta ya huta ba. "Ilush, in ka haƙo shi ka sammana."

Aka yi dariya. Okaci ba ta yi ba.

"'Ya'yan na ciki ne," ta ce. "Uwa a cikin shinge, 'ya'ya a waje? A matsar da shinge."

"To ai iska ta kai irin nan har bayan ɗakin wankana. In kewaye shi ma, in daina wanka?"

"Ni na goge maka majina, Ilush."

"Kin goge, Goggo, ban manta ba. Shi ya sa nake so ki huta."

Aktubai ya bar su har suka gaji, sannan ya buga sandarsa a ƙasa.

"Filin nan ba naka ba ne, ba nata ba ne, ba nawa ba ne. A tambayi mai shi. Addu'ar tsakiyar bazara, Okaci ta kawo rago. In an karɓa, shinge ya matsa. In ba a karɓa ba, kai Ilush ka kawo zartonka."

A kurmi ba a yanka dabba sai an ga alamar karɓa. Kart zai ɗebo ruwa daga idon ruwan da ke bayan kurmin, ya karanta addu'a, ya zuba a gadon bayanta. In ta girgiza jiki, Yumo ya karɓa. In ba ta girgiza ba har zubi na uku, a kwance ta a mayar gida. Ruwan nan kuwa ko a tsakiyar bazara sai ya sa haƙorin mutum tsami, kuma tun da Aktubai ya ɗauki ludayi bai taɓa ganin ragon da ya jure ba. Duk wanda ke tsakar gidan ya gane abin da tsohon ya yi: ya ba Okaci itatuwanta, ya liƙa sunan Ubangiji a kan kyautar. Ilush ma ya gane. Ya mayar da hularsa, ya tafi gida ya shuri karensa.

Mutum ɗaya ne bai gane ba, ita ce Okaci. Shekara sittin tana zuwa addu'a, kullum a baya wajen tukwane, kanta a sunkuye lokacin zuba ruwa. Ba ta taɓa haɗa girgizar da sanyi ba. A wurinta amsa ce ake bayarwa daga sama. Duk garin ita kaɗai ta yarda da abin yadda aka faɗe shi, kuma ta fito daga taron nan kamar wadda aka kai ƙara.

Ta ba da zumar shekara ta karɓo ɗan rago fari tas, ba ɗigon baƙi. Ya yi hunturu a ɗakin girkinta, a gindin murhu. Da ƙanƙara ta narke sai ta dube shi, ta ga gashinsa ya yi toka-toka, kunya ta kama ta. Mutum ba ya shiga kurmi sai ya yi wanka ya sa fari. To abin da za a miƙa wa mai kurmin fa? Ta ɗauki bokiti ta nufi idon ruwa, don ba ta ga dacewar wanke kayan Yumo da ruwan rijiya ba.

Ranar farko ragon ya yi tsalle, ya girgiza har ya jiƙa ta daga ɗankwali zuwa takalmi. Okaci ta yi dariya da ƙarfi, abin da maƙwabta suka daɗe ba su ji ba. Washegari ta sake. Ta sake jibi. Sannu a hankali girgizar ta ragu, daga baya ta ɓace. Kafin wata ya zagayo, da ya ji ƙarar bokiti sai ya taho da kansa, ya tsaya, ya lumshe ido. Okaci ta ce ragon ya koyi ladabi.

Unguwa ta sa masa suna Ango.

"Okaci, yaushe za a ɗaura ne?" Yambika takan ce ta kan katanga. "Da Sabai ya sami rabin wankan nan da bai tafi nema a kogi ba."

"Bakinki dai, Yambika."

"Ki shafa masa turare mana, ko Yumo ya yi masa mata a can."

Wata safiya Yambika tana cikin tsiyarta sai ta tsaya. Ta kalli ruwa yana kwarara a bayan rago, ta kalli rago yana tuƙa abinsa ko gezau. Ta buɗe baki. Ɗanta yana aiki a wurin katakon Ilush, yana da yara uku. Ta rufe bakin, ta shiga duba miyarta.

Aktubai da zai iya magana yana asibitin birni, an yi masa aikin ido, kuma masu zuwa dubiya ba su ga dalilin damun majinyaci da labarin rago ba.

Ilush ya zo da kansa wata rana gaishe da goggonsa. Ya tarar ana wanka. Ya tsaya yana kallo, hannunsa a aljihu. Washegari ya dawo da sabon bokiti mai walƙiya da ludayi, ya kuma sa yaransa suka ja bututu daga idon ruwan har tsakar gidanta.

"Bayanki, Goggo. Kin girme ɗaukar ruwa. Abin da ke tsakaninmu na Yumo ne, ba ruwansa da zumunci."

"Ilush, ɗana..."

"Kuma ki riƙa zuba masa har cikin kunne. Can datti ke maƙalewa."

Okaci ta bi gida-gida tana cewa yaron nan zuciyarsa fara ce, surutu ne kawai gare shi. Da ruwa ya zo kusa, wanka ya koma sau biyu a rana.

Ranar addu'a lifa ta yi fure, ƙamshi har kan hanya, zuma na ta guɗa a itatuwan ciki da na waje ba tare da tambayar shinge ba. Gari ya fito cikin fararen kaya. Aka jera waina mai hawa-hawa da burodi da tulunan ruwan zuma a gindin babban itace, aka ɗaura masa tawul masu ado, aka kunna kyandirorin kakin zuma, aka rataye manyan tukwane a kan wuta. Mutanen birni suka tsaya a baya da wayoyinsu a sama. Okaci ta shigo da ragonta. Har waɗanda suka saba yi mata dariya sun tsaya kallo, don ba a taɓa shigo da dabba mai haske irin wannan ba.

Aktubai, da sabon idonsa, ya yi wa Okaci ɗan murmushi ta ƙarƙashin gemu. Ya fuskanci itace, ya roƙi Kugu Yumo ya dubi wannan kyauta, in ta yi masa ya nuna. Ya zuba ludayin farko daga wuya zuwa wutsiya.

Rago ya lumshe ido.

Aktubai ya tsawaita addu'a, ya kira uwar ruwa da uwar ƙasa, ya cika ludayi ya zuba na biyu a hankali. Rago ya ci gaba da tuƙa. Wani yaro ya yi dariya, aka toshe masa baki.

Kowane kart yana da dabarar da ba a koyarwa da baki. Aktubai ya matso, ya kare da faɗin hannun rigarsa, ya karkata ludayi na uku ya nufi kunne. Ragon ya gane wannan. Ya karkato kai ya miƙa kunnen, da aka gama ya juyo da ɗayan.

Tsohon ya sunkuya kamar mai gyara igiya.

"Okaci," ya ce a hankali, "me kika yi wa dabbar nan?"

"Wanka, Baba. Kullum. Da ruwan bayan kurmin nan, ban taɓa haɗa masa da na rijiya ba."

Aktubai ya rufe idanunsa, tsoho da sabo. Magana ɗaya za ta iya ceton itatuwan. Sai dai maganar ita ce sanyin ruwa ne ke amsawa a kurmin nan, kuma sai ya faɗe ta a gaban babban itace, da gari, da jikoki, da wayoyin birni. Ya miƙe, ya ajiye ludayi.

"Ba a karɓa ba," ya ce.

Daga nan Ilush ya matso da nasa ragon, na godiya, wanda ya saya a bayan mota da safiyar ranar. Dabbar ta kwana a tsaye cikin fargaba, kashi ya bushe a cinyarta. Ɗigon farko bai gama sauka ba ta girgiza har ƙahonta ya bugi ludayi. Jama'a suka amsa baki ɗaya yadda aka saba: "An karɓa, mun gode!" Aka yanka, aka dafa, aka ƙone ƙasusuwa a wuta kamar yadda doka ta ce. Kowa ya yaba romon.

Okaci ta ja ragonta ta fita. Hanya ta buɗe mata da faɗi fiye da bukata. Kafin a kwashe tukwane garin ya gama binciken dalili. Wasu suka ce dama tana zura hannu cikin shinge. Wasu suka tuna cewa Sabai bai bar gida da safen nan cikin daɗin rai ba. Yambika ta ce ita dai ba za ta ce komai ba, sannan ta faɗi abubuwa da dama.

Okaci ba ta zargi kowa ba. Ta zauna ta bi rayuwarta daki-daki tana neman abin da ta yi wa Yumo, kuma mai neman irin wannan ba ya rasawa. Ta tuna ƙwayar nan ta kan sandar shinge. Ta zauna kusa da ita sosai a ranar. Tana da tari a kakar nan. Wa ya sani ko iska ce ta turo ta, ko numfashinta? Ba ta ma iya tuna wanne itace ne ya fito daga wannan ƙwaya ba, saboda haka duka sun shiga laifin. Da ta kai nan sai hankalinta ya ɗan kwanta, don ta ga ba a zalunce ta ba.

Ilush ya yi komai bisa ƙa'ida, ba wanda zai ce masa a'a. Ya jira zuma ta gama da fure. Ya sa farar rigarsa, ya nemi gafarar kowane itace kafin a sa masa zarto, ya ajiye gutsuren burodi a kan kowane kututture. Aikin shekara talatin bai cinye mako guda ba, don katakon lifa taushi gare shi, ba ya wahalar da zarto. Aka tumɓuke kututtura, aka zuba tsakuwa. Aka yi benci masu kyau, da babban allo a bakin hanya mai cewa daji uwa ce, kada a zubar da shara. Guntayen aka sassaƙa cokula ana sayar wa baƙi. Ilush ya aiko wa goggonsa da guda, an ƙona sunanta a jikin mariƙin.

Ba wanda ya hana ta shiga kurmi. Kawai dai da ta je ɗaukar tsintsiya ta tarar da ita a hannun matar ɗan Yambika, wadda aka ba koriyar riga da albashi.

Ragon kuwa ya sami tsawon rai. Naman da Yumo ya ƙi ba mai saye, ba mai ci, ko mahaucin garin gaba ya ji labari. Kullum da safe yakan je gindin bututu ya tsaya yana kuka, ita kuma ta fito ta wanke shi, don in ba ta yi ba ba ya barin unguwa ta huta.

Da bazara ta dawo, Okaci ta bi gefen filin motoci tana tsintar leda, da yake hannu ya riga ya saba. Rago na biye da ita. A bakin lambatu ta ga kututture ɗaya da injin ya tsallake. Ya yi toho, 'yan rassa jajaye da ganye sabo mai laushi kamar kunnen jariri. Ta tsaya tana lissafin inda za ta samo ƙaya da sanduna, da kuma ko ya halatta wadda aka ƙi ta sake taɓa irin wannan. Tana cikin wannan tunani aka fara yayyafi. Ta juya ta ɗauko wata leda da iska ta kai ƙarƙashin benci, inda wani direban bas ke zaune yana cin tsiran alade.

Da ta juyo rago ya gama. Bai bar ko ganye ɗaya ba, har ɓawon ya ɗaye. Yana lasar baki sai wani ƙuda ya faɗa masa cikin kunne. Ya ware ƙafafu, ya girgiza tun daga hanci har wutsiya, girgiza mai kyau, irin wadda kowane kart zai ba da labarinta, ruwan yayyafi ya watsu ko'ina.

"Haba Kaka!" in ji direban, yana goge fuska. "Ki kama dabbarki mana, ta jiƙa min abinci."

Okaci ba ta ji shi ba. Ta sunkuyar da kai, leda a hannu, ta faɗi abin da ake faɗa.

"An karɓa," ta ce. "Mun gode."